Tanzanait ko Benitowait: Yadda Ake Rarrabe Shuɗɗan Duwatsu Biyu da Awo

A jera safayar Mambila da tanzanait da benitowait da gilashin da aka rina a faranti ɗaya ƙarƙashin fitilar shago, ko wanda ya shekara ashirin yana harkar duwatsu sai ya yi jim kafin ya nuna wanne ne wanne. Shuɗi launi ne mai ruɗin ido, ga shi yana sauyawa da irin hasken da aka duba shi. Dutsen da ya yi shuɗi shar da hantsi a bakin shago a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja sai a gan shi ya koma shunayya. Don haka duk abin da za a yi bayani a nan awo ne, lamba ce da ake karantawa a rubuta, launi kuwa sai a ƙarshe ake waiwayarsa.

Kafin a ɗauko kayan aiki, a san asalin kowanne, domin asalin kansa yana tace maganar mai sayarwa.

Tanzanait nau'i ne na ma'adinin da ake kira zoisait, sinadarin banadiyam ne ke ba shi launi. An gano shi a 1967 a tsaunukan Merelani da ke arewacin Tanzaniya, kusa da Arusha, kamfanin Tiffany na Amurka kuma ya raɗa masa wannan suna a 1968. Filin da ake haƙarsa bai wuce kilomita 7 a tsawo da 2 a faɗi ba, kuma a 2018 gwamnatin ƙasar ta kewaye wurin da katanga don hana fasa-ƙwauri. Benitowait kuwa haɗin bariyam da titaniyam da silika ne. An same shi a 1907 a gundumar San Benito ta jihar Kalifoniya, waɗanda suka fara tsintarsa ma safaya suka zata, sai da George Louderback na Jami'ar Kalifoniya ya auna ya tabbatar sabon ma'adini ne. A 1985 jihar ta ɗauke shi a matsayin dutsenta na alfahari. An ga ɓurɓushinsa a Japan da jihar Akansas, amma wanda ya isa a yanka a sa wa zobe daga gundumar San Benito kaɗai yake fitowa.

Ƙasar Sakkwato ƙasar farar ƙasa ce, irin wadda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, da fosfat da jibsam na wajen Dange. Ba irin ƙasar da ke haifar da waɗannan duwatsu ba ce. Wanda ya zo da ƙunshi ya ce daga wani rami a Zamfara ko Kebbi ya tono tanzanait, ko dai an yaudare shi ko yana shirin yaudara. Shuɗin dutse mai daraja da Nijeriya ta yi suna da shi safaya ne, na Mambila a Taraba da na kudancin Kaduna, shi ya sa zai riƙa shigowa cikin wannan bayani ko ba a gayyace shi ba.

Girma ma shaida ne. Tanzanait mai karat 5 ko 10 (karat ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja ne) ba abin mamaki ba ne, a 2020 ma wani mahaƙi mai suna Saniniu Laizer ya fito da guda biyu, ɗaya ya haura kilo 9, ɗaya ya haura kilo 5. Benitowait da aka yanka yawanci bai kai karat 1 ba, wanda ya wuce karat 2 sai a hannun masu tara duwatsu. In aka miƙo dutse kamar ƙwallon dabino aka ce benitowait ne, an riga an amsa rabin tambayar.

Kayan aiki da shirin wuri

Ana buƙatar gilashin ƙara girma mai ninki 10, hantsaki, ƙyalle mai laushi marar gashi, rifraktomita (na'urar auna lanƙwasar haske) da ruwanta, daikroskop (bututun duba launukan dutse), sikelin karat, da fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, irin mai gajeren zango. A zaɓi ɗaki mai rufi, a kashe fanka, a shimfiɗa farin tawul a tebur don in dutse ya suɓuce daga hantsaki kada ya yi tsalle ya bugi siminti.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta farko a garin nan. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, shi kuma yashi taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, alhali tanzanait yana tsakanin 6 da 7, benitowait tsakanin 6 da 6.5. Goge dutse mai ƙura da bakin riga daidai yake da goge shi da takardar yashi. A fara ɗauraye shi da ruwa, sannan a sa ƙyalle.

Gwajin karce kuwa a bar shi gaba ɗaya. Taurin duwatsun biyu ya yi kusa da juna har ba abin da karce zai bambanta, abin da kawai za a samu shi ne tabo a dutsen mutane da rigima. Inda suka sha bamban shi ne wajen fashewa. Tanzanait yana da layin tsagewa guda ɗaya cikakke, kamar yadda icen girki ke darewa ta jijiyarsa, bugu ɗaya a daidai wurin ya isa ya raba shi biyu. Benitowait ba shi da irin wannan layi sosai, in ya fashe ɓallewa yake kamar kwalba.

Abin da gilashin ninki 10 ke nunawa

A riƙe dutsen da hantsaki, a leƙa ta babbar fuskarsa ta sama, a sa ido a kan layukan da fuskokin ƙasa suka haɗu. Duka duwatsun biyu suna raba hasken da ya shige su gida biyu, amma tazarar rabon ta sha bamban: a tanzanait wajen 0.009 ce, a benitowait 0.047, sama da ninki biyar. Saboda haka a benitowait layukan nan na ƙasa suna bayyana bibbiyu, kamar rubutun da aka buga hatimi sau biyu ya ɗan goce. A tanzanait da safaya layi ɗaya ake gani, sai dai in dutsen babba ne ƙwarai.

In ba a ga ninkin ba, kada a yi saurin yanke hukunci. Akwai kusurwa ɗaya a benitowait da haske ke bi ba tare da ya rabu ba. A karkata dutsen, a leƙa ta fuskokin gefe a wurare uku ko huɗu.

A nan ne kuma ake lura da abin da 'yan harkar ke kira wuta, wato yadda dutse ke tarwatsa farin haske zuwa launukan bakan gizo. Ta benitowait ta kai wajen 0.044, daidai da ta daimon, don haka dutse mai haske-haske yana walƙiya da ja da kore da ruwan ɗorawa in an juya shi. Mai duhun shuɗi yakan haɗiye wannan wuta. Tanzanait bai kai nan ba ko kusa, kyansa a zurfin launi yake.

Rifraktomita, mai raba gardama

Wannan na'ura tana auna yadda dutse ke lanƙwasa haske, kuma in za a sayi abu ɗaya tak, ita za a saya. A goge gilashinta, a ɗiga ruwan awo ɗigo ɗaya ƙarami kamar ƙwayar gero. Ruwa mai yawa yana sa ƙaramin dutse ya yi iyo, layin awo ya dushe. A kifa dutsen da babbar fuskarsa a kan ɗigon da yatsu, hantsakin ƙarfe ba ya zuwa nan, domin gilashin na'urar mai taushi ne, karce ɗaya ya lalata ta. A rufe murfin, a haska ta baya da fitila mai ruwan ɗorawa. Tocila fara tana ba da layi mai launi-launi wanda ke wahalar karantawa.

A karanta inda duhu ya yi iyaka da haske, a juya tacen da ke bakin madubin don a ga layi na biyu, a rubuta duka biyun. Sai a ɗan juya dutsen kaɗan a sake karantawa, a yi ta yi har ya yi rabin zagaye, karatu shida zuwa takwas. Lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma da aka samu su ne awon dutsen.

Tanzanait yana ba da 1.691 zuwa 1.700, layukan biyu suna manne da juna, kuma dukansu suna motsi in ana juya dutsen. Benitowait yana ba da 1.757 zuwa 1.804, na ƙasa yana tsaye cak, na sama ne ke tafiya. Safaya 1.762 zuwa 1.770 ne, shi kuma na sama ne ke tsaye, na ƙasa ke motsi. Tsakanin tanzanait da benitowait ba a ruɗewa, tazarar ta yi yawa.

Tarkon yana tsakanin benitowait da safaya. Na'urar ba ta iya nuna lambar da ta wuce ta ruwan awon da aka ɗiga mata. Ruwa mai kyau 1.81 ne, 1.804 kuwa a bakin iyakarsa take, wasu kwalaben ma 1.79 ko 1.80 aka rubuta musu. Da irin wannan ruwa layin sama na benitowait yana iya ɓacewa ƙurmus, musamman in an yanka dutsen ta yadda layin ke zama a ƙololuwa duk inda aka juya shi. Mai awo ya ga layi ɗaya a wajen 1.76 ya rubuta safaya. Maganin shi ne a tuna safaya layi biyu yake bayarwa masu tazarar 0.008 in an juya shi sosai. Layi ɗaya tilo a 1.757 da ya ƙi motsi, ga kuma ninkin layuka a gilashin hannu, alama ce cewa ɗan'uwansa ya fice daga ma'auni. A gwada wata fuskar ta gefe in tana da faɗi.

Zafin Sakkwato yana wa ruwan nan illa. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ɗigon yana bushewa cikin ɗan lokaci ya bar ƙwayoyin farar wuta masu ruwan ɗorawa a kan gilashin, su kuma suna karce shi in aka ja dutse a kai. A goge gilashin da zarar an ɗauke dutse, a toshe kwalbar nan take, a ajiye ta a inuwa, don haske yana mai da ruwan baƙi. Guba ne, kada ya taɓa ido ko baki, a wanke hannu bayan aiki. Kafin a fara awo kowace rana a gwada na'urar da dutsen da aka san lambarsa, farin kwaz yana ba da 1.544 zuwa 1.553.

Launi biyu ko uku

Daikroskop ɗan bututu ne kamar murfin alƙalami, mai tagogi biyu a ciki, yana ajiye launukan da dutse ya raba kusa da juna. A haska dutsen ta baya da tocila da aka rufe wa baki da farar takarda, a leƙa, ana juya bututun a hankali. A duba ta sama, ta gefe, da ta ɗaya gefen.

Benitowait launi biyu yake nunawa, taga ɗaya shuɗi sosai, ɗaya kusan fari kamar ruwa. Wannan bambanci mai ƙarfi shi ya fi saurin tona shi, domin safaya shuɗi da shuɗi-kore yake bayarwa, ba ya yin fari.

Tanzanait a halittarsa launi uku ne: shuɗi, shunayya, da wani na uku mai kama da makuba ko kore-ɗorawa. Sai dai kusan duk wanda ke kasuwa an gasa shi a zafin digiri 500 zuwa 600, gashin kuma yana kashe launi na ukun ya bar shuɗi da shunayya. Don haka rashin ganin launi uku bai mai da shi jabu ba. Gasa tanzanait al'ada ce da kowa ya sani a harkar, launin kuma ba ya komawa. Abin da ya kamata a yi wa tsaye shi ne mai sayarwa da ke ƙara kuɗi da cewa nasa ba a gasa ba. Da kayan tebur ba a iya tabbatar da haka.

Kada a yi wannan gwaji da hasken allon kwamfuta ko hasken da ya dawo daga gilashin tebur. Irin wannan haske a tace yake zuwa, yana iya sa ko kwalba ta nuna tagogi biyu masu bambancin duhu.

Nauyi a ruwa

Ana auna dutsen a sarari, a sake auna shi yana rataye a cikin ruwa da siririyar waya, a cire na biyu daga na farko, a raba nauyin farko da abin da ya rage. Tanzanait 3.35 ne, benitowait wajen 3.65, safaya 4.00. Misali, dutse mai karat 2.00 da ya nuna 1.40 a ruwa ya rasa 0.60, in an raba ya ba da 3.33, tanzanait ke nan. Da benitowait ne da 0.55 zai rasa, safaya 0.50.

Gwajin yana da kyau ga babban dutse, ga ƙarami kuwa yana ɓatar da mutum, kuma benitowait ƙarami ne kusan kullum. A ɗauki mai karat 0.50. In tanzanait ne zai rasa 0.149, in benitowait ne 0.137. Sikelin da ke tsayawa a lamba biyu bayan ɗigo zai nuna 0.15 ko 0.14, wato 3.33 ko 3.57, kuma iskar fanka ko kumfa ɗaya da ta maƙale a ƙasan dutsen ta isa ta mai da wannan wancan. Dutsen da bai kai karat 1 ba sai sikeli mai lamba uku, a auna sau uku a ɗauki matsakaici. A ɗiga ruwan sabulu ɗigo ɗaya a kofin don ruwan ya daina riƙe wayar, a share kumfa da tsinken tsintsiya mai laushi. Ruwan da ya kwana a tankin rufi ya yi ɗumi ya fi rashin nauyi, a digiri 40 yana ƙara wa sakamako kusan 0.03, gara ruwan randa.

Fitilar UV da kuskuren da aka fi yi

A cikin duhu, ƙarƙashin UV mai gajeren zango na nanomita 254, benitowait yana kamawa da haske shuɗi-fari mai ƙarfi kamar an kunna masa ƙwan lantarki a ciki. Tanzanait ba ya cewa uffan. Amma tocilan nan da 'yan canji da masu POS ke duba kuɗin jabu da ita mai dogon zango ce, nanomita 365 zuwa 395, kuma a ƙarƙashinta shuɗin benitowait shiru yake yi. Mutum ya haska ta, bai ga komai ba, ya mayar da dutse na gaske. Mai gajeren zango tana ƙona ido da fata, sai da tabarau na kariya, kuma gilashin taga ko na akwatin nuni yana tare ta, dole a ciro dutsen a ajiye shi a baƙin ƙyalle.

Haskakawa kaɗai ma ba hujja ba ce. Sifinel na masana'anta mai launin shuɗi yakan yi fari-fari ƙarƙashin wannan fitila, nauyinsa kuma 3.64, kusan daidai da benitowait, gwaji biyu ke nan ya tsallake. Abin da ke kama shi rifraktomita ce, layi ɗaya a 1.728, daikroskop kuma launi ɗaya a tagogi biyu. Ta ɓangaren tanzanait, mai yi masa sojan gona da ya fi iya shiri shi ne fostarait na masana'anta: nauyinsa 3.26, yana nuna launi biyu, amma awonsa 1.635 zuwa 1.670, layukan ƙasansa kuma suna ninkuwa a gilashin hannu, abin da tanzanait ba ya yi. Ayolait dutse ne na halitta mai launi uku, sai dai ba shi da nauyi, 2.61 ne, awon haskensa a wajen 1.54. Akwai kuma tanzanait na gaske mai kodadden launi da ake shafa wa siririn rufi mai sinadarin kobalt don ya yi duhu. Ana gane shi da gilashin hannu a bakin fuskoki da ƙugun dutsen, inda rufin ke goguwa ya bar fari.

In dutsen yana kan zobe, awon ruwa ya faɗi, rifraktomita kuma sai in babbar fuskar ta ɗara faratan da suka riƙe ta. A nan gilashin hannu da daikroskop da UV za a haɗa, ukun su yarda da juna kafin a faɗi suna. Mai saye yana da damar cewa, "Alhaji, a yi haƙuri a bari maƙeri ya cire shi mu auna," in kuɗin da ake magana ya kai a yi hakan. A rasit kuma a rubuta sunan dutsen, nauyinsa da karat, da lambobin da aka karanta.

Wajen maƙeri da wajen ado

Maƙerin zinari ko azurfa da zai gyara zobe ya cire dutsen kafin ya kunna wuta. Tanzanait ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya, harshen wuta ko tsoma shi a ruwa bayan ya yi zafi yana tsaga shi ta layin nan nasa. Haka zoben da aka bari a gaban mota da rana tsaka, kada a ɗauko shi a sa a ruwan sanyi. Injin wanke kayan ado mai girgiza ruwa da mai tururi duka ba su dace da duwatsun biyu ba. Ruwan ɗumi da sabulu da buroshin haƙori mai laushi sun wadatar.

Wajen danne faratai, maƙeri ya guji matsa wa ƙugun tanzanait da ƙarfi, nan ne ya fi ɓallewa. Ga zoben da za a riƙa sawa kullum, ana shiga kasuwa ana murɗa babur, gara a kewaye dutsen da bakin ƙarfe gaba ɗaya, in kuwa akwai zaɓi, 'yan kunne da abin wuya sun fi dacewa da dutse mai irin wannan tauri. A akwatin kayan ado kowanne ya samu ƙunshinsa daban, domin safaya mai tauri 9 ko daimon mai 10 da aka zuba tare da su zai zazzane fuskokinsu tun kafin lefe ya isa gidan amarya.